Gurun da Ka Ɗaura Mini

Zuwa ga Laminu ɗan Baba Gambo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida ƴan'uwan da kuke kwance tare a rairayin gabas. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ba lalle ne ka karanta ta ba, don kai in an miƙa maka takarda sai ka juya ta gaba da baya, ka ce idonka na ciwo, ka turo mini. To yau ba ni da wanda zan tura wa. Ina da magana da kai, kuma ina jin haushinka, saboda haka ka yi haƙuri ka saurara.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ɗan birni ba shi da ladabi. Matarka Hadiza tana lafiya. Ta fita takaba, ta rame, amma tana tsaye da ƙafafunta. Ɗiyarka Nana ta fara tafiya. Goshinka ta ɗauko, har da wannan kallon da kake yi wa mutum in ya yi maka ƙarya. Tabkin Gidimuni ya cika bana, rake ya yi kyau, dabinon lambunku ya ba da ƴaƴa fiye da bara. Nan Damagaram kuma innata har yanzu in ta yi dambu sai ta ɗauko kwanonka, ta tuna, ta mayar. Ni kunnena na hagu ya tafi ke nan, likita ya ce kada in sa rai.

Babban labarin shi ne an ba ka lambar yabo, medayi kamar yadda muke cewa a bariki. An yi bikin da hantsi a filin fareti. An kafa rumfuna, an jera kujeru, manya sun zo da motocinsu masu sanyi. An kira sunanka, an ƙara maka girma, ka tashi daga kaporal ka zama sarjan. Kai da ka yi shekaru kana jiran galon nan, alamar muƙamin, kana zagin duk wanda ka zata shi ya danne maka, ga shi ya zo ba kafaɗar da za a ɗinka shi. Wani ofisa ya karanta abin da ka yi da Faransanci mai santsi. Ya ce ka tsaya a bakin aikinka, ka kare ƴan'uwanka da farar hula, ka faɗi a filin daraja. Filin daraja, in ji shi. Ni dai gefen gonar tattasai na gani. Hadiza ce ta karɓi medayin a kan wani ɗan matashi ja. Da aka watse ta tambaye ni me suka ce, na ce sun ce mijinki namiji ne. Ta ce ai ba sai sun tara mutane sun faɗa mata ba.

Kujerar Baba Gambo kuwa ba kowa a kanta. An aika masa mota har Gidimuni, ya ƙi ko leƙowa. A nan bakin rumfa Hadiza ta gaya mini halin da yake ciki, kuma saboda shi nake rubuta maka wannan takarda.

Ka fi ni sanin mahaifinka. Maharbi ne, ɗan tauri ne tun ba a haife mu ba, mutumin da yake goga wuƙa a wuyansa gaban jama'a ta lanƙwashe. Ranar da za ka shiga soja ya ɗaura maka gurun nan na jar fata a ƙugu, gaban mutanen gari, ya ce daga yau ƙarfe ba zai ci ka ba, ko wuƙa ko harsashi. Da saƙon mutuwarka ya isa, bai tambayi inda aka binne ka ba. Ya tambayi abin da ya kashe ka. Aka ce harsashi. Ya shiga ɗaki ya juya fuskarsa ga bango.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Samari a fada suna shan shayi suna cewa maganin tsoho ya tsufa tare da shi. Wani mai wa'azi ya yi misali da ku ranar Juma'a, bai kira suna ba amma kowa ya juya ya dubi inda Baba ya saba zama. Wannan duk bai dame shi ba kamar abin da yake gaya wa kansa. Ya ce idonsa ya yi rauni lokacin da ya haɗa maka gurun, wataƙila ya ɗauki wata saiwa a madadin wata, ya tura ɗansa cikin wuta da busasshiyar fata. Ya ce shi ya kashe ka. Ya daina cin abinci sai an yi da gaske. Wata rana da safe Hadiza ta kai masa ruwan alwala ta tarar ya ɗauko tsohuwar wuƙarsa ya ja ta a damtsensa don ya gwada ko akwai sauran abin da ya rage masa. Wuƙar ta shiga har ƙashi. Jini ya jiƙe tabarma, shi kuma yana zaune yana kallo bai ko danne wurin ba. Ta ce in aka bar shi haka ba zai ga kaka ba.

Tana wannan magana, Laminu, ina tsaye gabanta da kakina na fareti, gurun mahaifinka yana ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin riga.

Ka tuna yadda aka yi ya zo wurina? Ni ban manta ko kaɗan ba. Kafin ranar, nakiya ta tashi da motar su Isufu abokin aikinmu, ni aka sa in tattara shi. Na tsince shi a cikin bargo, guntu-guntu, har da wanda ya maƙale a ƙaya. Tun daga nan hannuna ya kama rawa. Ko kofin shayi na ɗauka sai rabi ya zube. Na ɓoye wa kowa, amma kai ba a ɓoye maka, don ni ne mai ɗora maka harsashi a duz-set, babbar bindigar da ke kafe a bayan motarmu. Safiyar da aka ce za mu raka motocin kasuwa ta hanyar bakin Komadugu, ka ja ni bayan tankin ruwa. Ka ɗaga riga, ka kwance gurun, ka ɗaura mini da hannunka, ka ja shi har numfashina ya tsaya. Na ce ba zan karɓa ba. Ka ce in rufe maka baki, ɗan dukawa wanda bai san komai ba sai basilla da zare. Ka ce kai tun kana goye ake ɗura maka magani, fatarka kaɗai ta ishe ka, gurun nauyi kawai yake ƙara maka. Na yarda. Ai na san abin, ni na sake ɗinke shi lokacin da bakinsa ya fara warwarewa, na ji nauyinsa a tafin hannuna. Muna fita daga bayan tankin nan hannuna ya tsaya cak.

Rana ta ɗaga lokacin da muka shiga wurin da hanya ta matse, kurmin kaba a dama, gonakin tattasai a hagu. Motar lutunan, ofisan da ke jagorantarmu, ce a gaba, mu na biye, sai manyan motocin kasuwa a bayanmu, maƙare da buhunan busasshen tattasai, mata da tsofaffi zaune a sama. Ban ji ƙarar farko ba, gani na yi. Motar lutunan ta tashi sama, ta juya, ta faɗo a kan bayanta, wani abu ya bugi gilashinmu ya bar jan shafi. Sai wuta ta buɗe ta kowane gefe. Sale direbanmu ya juyo zai yi magana, harsashi ya shiga ta kuncinsa ya fita da rabin kansa. Motar ta kutsa cikin rairayi ta tsaya, tayoyin gaba sun fashe.

Mahara suka fito daga cikin kaba, wasu a kan babura, wasu a ƙafa, suna ihu. Ka juya duz-set ka sake ta. Na taɓa ganin bindigar nan tana aiki a wurin horo, kan tsofaffin ganguna, ban taɓa ganin abin da take yi wa mutum ba sai ranar. Na farkon da ya iso kusa ta raba shi biyu, ƙafafunsa suka ci gaba da tafiya a kan babur. Wani ta cire masa hannu daga kafaɗa, ya tsaya yana neman abin da ya faɗi. Kai kuwa ko ƙifta ido ba ka yi, kana ta zagina in yi sauri da akwatin harsashi. Suka harbi motar kasuwa ta farko, ta kama da wuta, tattasai ya fara ƙonewa. Hayaƙin nan ya rufe mu duka, mu da su. Kowa na tari, ido na zubar da ruwa, maƙogwaro kamar an zuba garwashi. Mata suna dirowa daga sama da zannuwa na ci da wuta, suna gudu ba su san inda suka nufa ba, ana tsince su ɗaya-ɗaya.

Akwai wani busasshen kwazazzabo a bayanmu, ka gan shi kafin kowa. Ka ce in sauka in kora mutane can, in ɗauko lutunan in yana da rai. Na ce wa zai ɗora maka harsashi? Ka sa takalmi ka hankaɗo ni daga motar, na faɗi da fuska. Na ɗago na dube ka, sai ka nuna mini ƙuguna da yatsa.

Na miƙe tsaye, Laminu. Ni da ko ƙarar ƙofa ke sa ni zabura a makon nan, na miƙe tsaye tsakiyar hanya, ban ko sunkuya ba. Na je na jawo lutunan daga ƙarƙashin motarsa, ƙafarsa ɗaya tana biye da shi da ɗan guntun fata kawai. Na kai shi kwazazzabo na dawo. Na ɗauko wata tsohuwa da ta riƙe cikinta da hannu biyu don kada abin da ke ciki ya zubo. Na dawo na kama wasu mata na tura su da ƙarfi, har na mari ɗaya da ta ƙi sakin buhunta. Harsashi ya huda bidon, jarkar ruwan da ke gefena, wani ya yaga hannun rigata, wani ya ɗauke mini hula. Na ji kaina ina dariya. Na ce lalle Baba Gambo ya san aikinsa.

Duk lokacin da na waiwaya kana nan a sama, kai kaɗai, kowace bindiga a wurin tana nemanka. Na ga lokacin da suka same ka a cinya, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Ba ka faɗi ba. Ka cire bel ɗinka ka ɗaure kanka a jikin sandar bindigar. Da hannu ɗaya kake harbi, da ɗayan kake ɗora wa kanka harsashi, aikin da ya kamata in yi. Bakin bindigar ya yi ja, hayaƙi na tashi daga tafin hannunka. Suka same ka a ciki, na ga ka danne wurin da gwiwar hannu ka ci gaba. Suka same ka a haɓa. Daga nan ban ƙara jin zaginka ba, sai bindigar kawai. Me kake tunani a lokacin? Ka tuna da gurun? Ka yi nadama ko sau ɗaya? Ka ji zafi, ko jiki yana daina ji in abu ya kai nan?

Da na ga wanda zai iya tafiya duk ya shiga kwazazzabo, na sunkuci akwatin harsashi daga motar lutunan na nufo ka a guje. Ban iso ba. Roket ta riga ni. Na ga haske, ƙasa ta ɗauke ni ta maka ni a gefen hanya, kunnena ya fashe. Da na farfaɗo motocin agaji sun iso, maharan sun ja gawarwakin da suka iya ja sun koma cikin kaba. Waɗanda suka bari a gaban motarmu sun ishi mai ƙirga aiki.

Mun same ka a inda ka ɗaure kanka. Daga ƙirji zuwa sama kana nan, sauran kuwa sai da muka nema. Hannunka ya ƙi sakin bindigar, sai da na ɓamɓare yatsunka ɗaya bayan ɗaya, fatar ta zauna a jikin ƙarfen. Limaminmu ya ce ba a yi wa irinku wanka, da jininku da kayanku ake sa ku. Ni na shiga ramin na karɓe ka, ba ka da nauyi ko kaɗan. Ba wanda ya tambayi gurun, don babu ƙugun da za a duba. Ni kuma da likita ya tuɓe ni bai ga ko ƙwarzanen ƙarfe a jikina ba.

Ka ga abin da ka bar ni da shi? Na yi watanni ina yawo da ran da na ɗauka naka ne ka ba ni aro. In na ci abinci sai in ce na Laminu nake ci. In na ga Nana sai in ce da ubanta ya bar abinsa a ƙugunsa, da ni ne a rairayi shi yana nan yana ɗaga ta. Ban cire gurun ba ko a wanka, kuma ban nuna wa kowa ba. Da wane baki zan ce wa tsoho ga maganin da ka yi wa ɗanka, ni na sha amfaninsa?

Amma da Hadiza ta gaya mini zancen wuƙar nan, na ga ba ni da zaɓi. In na yi shiru tsohon zai mutu yana ganin shi ya kashe ka. In na yi magana ya tsine mini, to ya tsine, ai da ransa zai yi tsinuwar. Na karɓi parmisiyo, izinin hutu, na bi Hadiza zuwa Gidimuni, medayin yana ƙulle a bakin mayafinta.

Mun isa bayan azahar. Na same shi a ɗakinsa na zaure, zaune a tabarma, damtsensa naɗe da tsumma. Ba za ka gane shi ba. Mutumin da ƙofa ke yi masa kaɗan ya koma kamar an rataye riga a kan sanda. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, ya amsa bai dube ni ba. Hadiza ta kwance medayin ta ajiye gabansa. Ya sa bayan hannu ya ture shi, ya ce a kai wa wanda bai kashe ɗansa ba. Sannan ya yi mini tambayar da yake yi wa duk sojan da ya shigo gidan, wai ta ina ƙarfen ya fara shiga.

Na miƙe na ɗaga rigata.

Ya daɗe yana kallo. Ya matso da gwiwa, ya kai fuskarsa kusa saboda idon, ya shafa fatar, ya bi ɗinkin da yatsa, ya shinshina. Na gaya masa komai, tankin ruwa, rawar hannuna, abin da ka ce game da fatarka. Ina cikin magana ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya zaro wuƙar. Hadiza ta yi salati ta ja da baya. Ni ban motsa ba, na ce in nan ne ƙarshena to ya yi daidai. Ya cafki gurun, ya cusa wuƙar tsakanin fatar da jikina, ya fizga. Gurun ya rabu biyu a hannunsa, tsinin wuƙar kuma ya tsaga mini kwiɓi. Jini ya gangaro ya jiƙa mini wando.

Ya dangwali jinin da yatsa ya nuna mini. Ya ce in duba da kyau, abin yana jikina ƙarfe ya ci ni. Ya ce gurun gidansu ba hula ba ne da za a ara wa aboki. Da sunan mutum ake haɗa shi, da sunan uwar da ta haife shi, da gashin askinsa na ranar suna. A jikin wani ba ya tsare ko ƙaya. Ya ce kai ka san haka tun kana tallafa masa da turmi, ba abin da ya fi nanata maka kamar wannan. Maganar fatarka kuma ya ce ƙarya ka yi mini, ba a taɓa ɗura maka komai ba sai nono da kunu.

Ka ji, Laminu? Ka sani. Ka san ba zai yi mini komai ba, ka san kuma in ka cire shi, a ganinka da na mahaifinka, tsirara ka shiga. Ka tuɓe abin da ka yarda da shi tun kana yaro, ka ɗaura wa matsoraci, don kawai hannunsa ya daina rawa. Ni kuma na tashi ina taƙama tsakiyar harsasai da guntun fatar akuya a ƙugu, ina dariya, ina yaba wa Baba. Ashe ba abin da ya hana su samuna sai ikon Allah da kai da ka tsaya a sama ka ja duk wutar zuwa kanka. Wannan wace irin yaudara ce? Da ka gaya mini gaskiya ai da na kwanta a ƙarƙashin mota kamar kowa, da tsohuwar nan da lutunan sun mutu a inda suke. Ka san da haka ma, ko ba haka ba? Ina so in shaƙe ka, ina so in rungume ka, kuma ba ka bar mini ko ɗaya ba.

Baba ya zauna da guntayen gurun a cinyarsa, sai ya fara zaginka. Bai zage ka kamar mamaci ba, ya zage ka kamar kana tsugune a bakin ƙofa. Ya ce mai taurin kai, mara jin magana, wanda tun yana ƙarami in an saya masa takalmi sai ya dawo daga bakin tabki ba takalmi, ya ce wani yaro ya fi shi buƙata. Ya ce ya ba ka abu ɗaya ya ce kada ka raba da jikinka, abu ɗaya tak. Muryarsa ta yi ta hawa har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, sannan ta karye. Ya kifa fuskarsa a kan fatar ya yi kukan da Hadiza ta ce bai yi ba tun ranar da saƙo ya zo. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan kuka ba, kuma na yi tare da shi.

Da ya lafa sai ya share fuska, ya ce wa Hadiza ta dama masa fura, kada ta cika ruwa. Ta fita da gudu har tana tuntuɓe. Ya shanye ƙwaryar, ya ce a ƙaro. Ya yayyaga tsumma ya tauna wani ganye ya ɗaure mini kwiɓin da kansa, yana mita wai sojan zamani jini kamar na kaza. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki medayin daga inda ya ture shi. Ya juya shi, ya gwada nauyinsa, ya tambaye ni don me suka ba ka. Na ce don bindigar da ka riƙe har ƙarshe. Ya ce to su abin da suka gani ke nan. Ya ɗaura igiyar medayin a jikin guntun gurun, ya sa na rataye masa su a ƙusa saman ƙofa, inda duk mai shigowa zai gani. Da la'asar ta yi ya nemi sandarsa ya tafi masallaci da ƙafarsa, ya zauna a wurinsa na da.

Ban sani ba ko na yarda da guru, Laminu. Malaman birni sun ce babu kyau, kuma na ga wuƙa ta shiga damtsen mai yin sa. Ban sani ba ko da ka bar shi a jikinka da ka dawo. Ba na kuma so in sani. Abin da na sani shi ne an ce in koma gabas in parmisiyona ya ƙare, za a ba ni duz-set, kuma ba za a same ka a bayan tankin ruwa ba. Na gaya wa Baba haka da na je yi masa sallama. Na gaya masa hannun ya soma rawa kuma, tun da na san gaskiya.

Yana zaune a ƙofar zaure yana feƙe wani icce, turminsa na magani da Hadiza ta ce ya kife tun mutuwarka yana gefensa a buɗe. Ya ce tunda ni ɗan dukawa ne in samo jar fata mai kyau a Damagaram, in zo da basillata, don idonsa ba ya ganin ɗinki yanzu. Ya ce gashin suna ba zai samu ba, amma zai aske ni da kansa ya yi da wanda ya samu. Sannan ya ɗago ya dube ni da wannan kallon naku, ya tambaye ni sunan uwata.

Ka san mu ba ma faɗin sunan uwa. Ko kai da muka ci a kwano ɗaya shekara da shekaru ban taɓa gaya maka ba. Na sunkuyar da kai na faɗa masa. Ya maimaita shi a hankali don kada ya manta, ya kira ni ɗansa, ya ce in je in dawo da wuri, aikin yana ɗaukar lokaci.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Zan riƙa leƙa Nana. In ta girma zan gaya mata ubanta maƙaryaci ne, in gaya mata kuma irin ƙaryar.

Sai mun zo.

Naka, mai ɗora maka harsashi,
Habu ɗan dukawa